Kun Tambaya: Ina Za Mu Samo wa Karnukanmu Nama Mai Sauƙin Kuɗi?

Tun da tsadar rayuwa ta kai inda ta kai, saƙonnin da nake samu daga masu karnuka kusan bakinsu ɗaya: nama ya gagari tukunyar gida, to ina ga kwanon kare? Cikin masu tambayar akwai masu karen gadi, akwai mafarauta, akwai kuma waɗanda yaransu suka tsinto kwikwiyo ya girma ya zama ɗan gida. Ga shida daga cikin tambayoyin, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su.

Daga wani magidanci a Kano: Ina da manyan karnukan gadi guda biyu. A da ina saya musu nama rabin kilo kullum a wajen mahaucin unguwarmu, yanzu abin ya fi ƙarfina. Wata biyu ke nan tuwo da ƙanzo kawai suke ci, har haƙarƙarinsu ya fito. Ina mafita?

Malam, Allah ya saka maka da alheri da abin ya dame ka har ka rubuto. Da yawa sukan ɗaure kare a ƙofar gida, su bar shi da ƙanzo da ruwan wanke-wanke, sannan su sa ran zai kwana yana tsare musu dukiya. Dabbar da ka ɗaure ba ta da hanyar abinci sai ta hannunka, haƙƙinta kuwa yana wuyanka. Duk mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba.

Rabin kilon da kake saya a da daidai yake. Babban kare mai nauyin kilo 25 zuwa 30, in ya samu nama giram 250 zuwa 300 a rana, aka cika masa kwano da tuwon masara ko na dawa ko dafaffen tsaki, da ɗan kabewa ko ganye, zai yi kyau ya yi ƙarfi. Kare ba zaki ba ne, cikinsa yana narkar da dafaffen hatsi sarai. Karnukan farautar Buzaye irin na Azawak, a can Nijar da Mali, gero da nono ne yawancin abincinsu, sai abin da suka kamo a daji. Saboda haka yawan naman ba shi za mu taɓa ba. Abin da za mu sauya shi ne irin naman da kuma wurin saye.

A teburin mahaucin unguwa tsoka kake saya, kana gogayya da matan da za su yi miya da mai tsire da mai balangu. Kare bai san tsoka ta fi huhu daraja ba. Sai dai kada wani ya ce maka duk kayan ciki araha ne. A ƙasarmu mutane suna son farfesu, don haka hanta da ƙoda da tumbi da zuciya suna da kasuwarsu, wani lokacin kuɗinsu ya kusa kama na tsoka. Abin da ya rage da sauƙi shi ne wanda ba a rububinsa: huhu, saifa, hantsar saniya, jijiyoyi, tantani, ɗan naman da ake kankarewa a jikin kai da ƙashi, da gyare-gyaren da mahauci ke zubarwa gefe idan yana gyara cinya. Huhu da saifa suna da sinadarin gina jiki kusa da na tsoka, kuma huhu ba shi da kitse sosai. Ganda ita ce ban ba ka shawarar dogara da ita ba. Tana cika ciki, amma amfaninta kaɗan ne.

Tunda a Kano kake, ka yi sammako ka je abatuwa ta Ƙofar Mazugal da bokitinka mai murfi, lokacin da ake tsakar fiɗa. Kada ka shiga kana tayi teburi teburi kamar baƙo. Ka nemi mahauci guda, ka gaya masa gaskiya cewa na karnuka kake so, kuma za ka riƙa zuwa duk mako. Mahauci yana son ciniki mai ɗorewa fiye da cin riba ta rana ɗaya. In ya san ranar zuwanka zai tara maka, har gyara zai riƙa yi maka. Waɗanda ke ƙananan garuruwa, ranar kasuwa ce ranarku, kuma in kun rasa wanda za ku tunkara, ku gaisa da sarkin fawa, shi zai haɗa ku da mutumin kirki. Amfanin saye a mayankar hukuma bai tsaya ga farashi ba: akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi da aikinsu shi ne duba abin da aka yanka. Abin da suka ce a zubar, kada ka yarda wani ya zagayo da shi ta baya ya sayar maka da sunan "ai na kare ne".

Wuri na biyu shi ne wajen 'yan kaji masu yanka da figa. Kawuna, ƙafafu, wuya da hanji suna taruwa a wajensu kullum, musamman daf da Sallah da lokacin bukukuwa. A wanke hanjin sosai, a dafa kai da ƙafa har ƙashin ya yi laushin da za ka murƙushe shi da yatsa, sannan a daka a turmi ko a kai inji. Wannan dakan ba ƙawa ba ne, dalilinsa yana nan tafe a amsar wata tambaya. Gonakin kaji kuma suna sayar da fasassun ƙwai da rahusa. In na ranar ne, ba su yi wari ba, dafaffen ƙwai biyu suna maye gurbin nama mai ɗan dama.

Akwai abubuwa uku da masu bin wannan hanya sukan yi tuntuɓe da su. Hanta in ta samu, kada a mai da ita abincin kullum. Tana ɗauke da bitamin A mai yawa, wanda in ya taru a jiki yake lalata gaɓoɓi da ƙashi. Yanka kamar girman kwalin ashana sau biyu ko uku a mako ya isa. Sai maƙogwaro: yana da araha, karnuka na son gurguntsinsa, amma a jikinsa akwai wata 'yar tsoka ja manne ta gefe biyu daga sama, wadda in ta kumbura a wuyan mutum ake kira maƙoƙo. Karen da ke cin ta a kai a kai yakan rame alhali yana ci, ya riƙa haki da yawan shan ruwa da rashin natsuwa, kuma dahuwa ba ta kashe sinadarin da ke cikinta. Ka sa mahauci ya yanke ta ya yar. Na ukun shi ne kitse. Za a ba ka shi kusan kyauta, amma kitse mai yawa a lokaci guda yana sa amai da gudawa, wani lokacin ciwon ciki mai tsanani da kan kai ga mutuwa. Kaɗan a cikin romo ya wadatar.

In ka san wasu masu karnuka a unguwarku, ku yi watanda. Yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a raba, haka za ku haɗa ku kama huhu da saifa na shanu biyu ko uku a dunƙule, mutum ɗaya ya je ya ɗauko, ku raba kuɗin mota. Sari ko a abatuwa sari ne.

Daga wani matashi a Kaduna: Abokina yana aiki a gonar kaji. Ya ce kusan kullum ana samun kaji biyu zuwa biyar da suka mutu da kansu, zai riƙa ba ni kyauta. In karɓa?

Ƙanina, kada ka karɓa. Na san da wuya a ce wa mutum ya ƙi kyauta a wannan zamani, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wannan arahar tana iya shigo maka da abin da ya fi ƙarfin aljihunka.

Kazar da ta mutu da kanta, wani abu ne ya kashe ta, kuma abokinka bai san ko mene ne ba. Wataƙila zafi ne ko turmutsitsi, wataƙila kuma cuta ce. A jiharku ta Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma tun daga lokacin cutar tana lafawa tana dawowa. Tana kama kyanwa, tana iya kama kare, tana kuma iya kama mutumin da ya fige mushen ya fasa cikinsa. In kuna da kajin gida, kai da hannunka za ka kawo musu ajali. Ban da wannan, kazar da ta yi ciwo kafin ta mutu galibi an ɗura mata magunguna, suna nan a jikinta. Wadda kuma ta kwana cikin zafin keji kafin a gan ta, ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓen mushe kuwa yana iya ɗauke da gubar da ke shanye ƙafafun kare, daga na baya ta hauro gaba.

Haka maganar take ga mushen tunkiya ko saniya da makiyayi zai ce a ja a kai wa karnuka. A watan Yulin 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona da ke Suleja a jihar Neja. Alamarta ita ce dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma jinin ba ya daskarewa. Irin wannan mushe ko buɗe cikinsa ba a yi, domin ƙwayar cutar tana zama a ƙasa shekara da shekaru, tana kuma kashe mutum. Likitan dabbobi ake kira.

In abokin naka yana son taimakonka, ga abin da za ka roƙe shi: fasassun ƙwai, da kuma labarin ranar da za a sayar da tsofaffin kajin da suka gama ƙwai. Waɗannan da ransu ake sayar da su, lafiyarsu ƙalau, naman ne kawai ya yi tauri, taurin nama kuwa ba ya damun kare.

Daga wani mafarauci a ƙasar Bauchi: Mu mun gada cewa ɗanyen nama da jini ke sa kare zafi, dafaffe yana kashe masa zuciya. Ga itace ya yi tsada. Me zai sa in ɓata wuta a kan abincin kare?

Baba, ina girmama abin da aka gada, kuma a sanin halin kare a daji kai ne malamina. Amma a wannan gaɓar ina roƙon ka saurare ni, domin maganar ta wuce karen, ta kai ga jikokinka.

Zafin kare daga jininsa yake da kuma horon da ya samu. Ɗanyen nama ba ya ƙara shi, dafaffe ba ya rage shi. Haka nan masu barin karen gadi da yunwa wai don ya yi faɗa, ko masu zuba masa barkono a abinci, zaluntarsa kawai suke yi. Kare mai yunwa shi ne wanda ɓarawo ke saye da loma ɗaya ta nama mai guba.

Dalilin dahuwar shi ne wannan. Wataƙila ka taɓa ganin huhu ko hantar tunkiya, saniya ko raƙumi da wasu ƙullutai masu ruwa a ciki, kamar ƙananan balan-balan. Huhun raƙumi ya fi yawan samun su. Mahauci yakan yanke wurin ya jefa wa karnukan da ke zagaye da mayanka, yana ganin ya yi sadaka. A cikin ruwan ƙullutun nan akwai dubban 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa. In kare ya ci ɗanye, suna girma a hanjinsa, kuma shi karen ba ya nuna alamar komai, yana ci yana gudu lafiya lau. Ƙwayayen tsutsar suna fita a kashinsa, ido ba ya ganinsu, su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida da ganyen lambu. Yaro ya shafa kare, ya kai hannu baki. A jikin yaron sai irin wancan ƙullutu ya fara girma a hanta ko a huhu, a hankali, shekara biyar, shekara goma, ba a sani ba, har ranar da ciki zai kumbura ko tari ya ƙi jin magani. Sau da yawa sai an yi tiyata. Tumaki da shanun da suka yi kiwo inda karen ya yi kashi su ma su ɗauka, abin ya ci gaba da zagayawa.

Kan rago ma haka ne. Tunkiyar da ke juyi tana zagaye wuri ɗaya, sau da yawa irin wannan ƙullutu ne a ƙwaƙwalwarta, na wata tsutsar dabam, kuma ita ma ta cikin kare take bi. A ba kare ɗanyen kan, an sake shuka cutar a garke.

Maganin duk wannan tukunya ce. A yanka kayan cikin ƙanana, a tafasa su sosai na aƙalla minti 30, har tsakiyar yankan ya dahu. Wurin da ke da ƙullutu a yanke shi a ƙone, ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Batun itace kuwa, ba sai an hura wa kare wuta tasa dabam ba. In an sauƙe tuwon dare, a ɗora tsohuwar tukunya a kan ragowar garwashin, a dafa na kwana biyu a lokaci guda, a tuƙa tsaki a cikin romon. Jinin yanka ma in za a ba shi, a dafa shi ya daskare tukuna, kuma kaɗan kaɗan, don yana sa gudawa.

Na san karen farauta ba a raba shi da ɗanyen abu, zai kama zomo ko gafiya ya ci rabonsa a daji. Saboda haka naku karnukan sun fi kowa buƙatar maganin tsutsa. Ka tambayi likitan dabbobi maganin da ke ɗauke da firazikwantel, domin ba kowane maganin tsutsa ke kashe wannan iri ba. Karen gida akan ba shi duk wata uku, wanda ke cin ɗanye kuwa gara a matso da shi kusan duk mako shida. In ka je, ka haɗa da allurar rigakafin haukan kare ta shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a nan gida, ba ta da nisa da ku.

Daga wata uwargida a Zariya: Maigidana yana da aboki mai tsire da gasassun kaji. Yana aiko mana da kwantai da ƙasusuwan da mutane suka rage. Ya halatta in zuba wa karenmu?

Hajiya, kwantan da bai lalace ba yana da amfani, amma sai kin yi masa aiki. Yajin tsire yana da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da barkono, sau da yawa da tafarnuwa, ga albasar da ake yankawa a kai. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa ƙwayoyin jinin kare. Abin ba ya nunawa a ranar, sai bayan kwanaki ki ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Ki tsince albasar, ki wanke naman, ki tafasa shi ki zubar da ruwan farko. Ragowar miyar gida mai albasa ita ma kada ta zama abincinsa na kullum.

Ƙasusuwan kuwa ki zubar inda ba zai kai ba. Ƙashin kazar da aka gasa ko aka soya yana bushewa, in kare ya tauna sai ya tsage kamar tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Abin da ya sa na ce wa mai tambaya ta farko ya dafa har ya yi laushi ya kuma daka ke nan. In kina son ya samu abin gwaguya, ki karɓo babban ƙashin gwiwar sa wanda ya fi ƙarfin bakinsa, ki ba shi kina kallo, ki ɗauke bayan ɗan lokaci.

Daga wani ɗan'uwa a Damagaram: Ba ni da firji, wuta ma ba ta zama. In na sayo da yawa yana lalacewa, in na sayi kaɗan kaɗan yana tsada. Kuma ko kifi da ƙuli-ƙuli za su iya maye gurbin nama?

Ɗan'uwa, ƙasar da ta iya kilishi ba za ta rasa dabarar ajiye nama ba. Bambancin kawai shi ne na kare ba a sa masa labu, ba yaji, ba gishiri, kuma a fara tafasa shi kafin a shanya, domin rana kaɗai ba ta kashe duk abin da muka ambata a sama. A tafasa huhu da saifa, a yanka falle-falle, a baza a kan raga ko tabarma a sama inda iska ke kaɗawa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Da hunturu kwana biyu zuwa uku ya bushe ƙarau. Da damina rana ba ta da tabbas, sai a yi banda a kan hayaƙi. In ya bushe har yana karyewa, a zuba a buhu mai shan iska a rataye, kada a ƙulle shi a leda ya yi gumi. Ranar amfani a jiƙa a ruwan zafi a haɗa da tuwo. Ka tuna busasshen nama ya zubar da ruwansa, don haka ɗan dunƙule kaɗan yana daidai da mai yawa na ɗanye.

Babbar damarka ita ce Layya. A kwanakin nan uku gidaje da yawa suna rasa yadda za su yi da huhu da saifa da gyare-gyare. Ka gaya wa maƙwabta tun kafin Sallah, ka tanadi itace da wurin shanya. Mai himma yana iya tara abin da zai kai shi makonni.

Kifi abinci ne mai kyau. Kawuna da kayan cikin da masu kifin ƙanƙara ke cirewa, da ɓurɓushin banda da ke taruwa a ƙasan kwando, duk suna da sauƙin kuɗi. A dafa shi, domin wasu kifaye irin su shawa, in ana cin su ɗanye a kai a kai, suna lalata bitamin B1 a jiki, kare ya fara tangaɗi da farfaɗiya. A daka saboda ƙaya. A wajen banda kuma ka sa hanci: wasu 'yan kasuwa suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, abin da hukumar NAFDAC a Najeriya ta sha yin gargaɗi a kai. Kifin da ke warin magani, ko wanda ƙuda ke gudunsa, ka bar shi.

Ƙuli-ƙuli kuwa, a kansa ina da tabo a zuciya. Shekarun baya na sayi wani buhu da aka karya mini kuɗinsa saboda ya sha damshi ya fara fumfuna. Na ce ai karya ce za ta ci, na riƙa daka mata a tuwo. Cikin makonni ta daina cin abinci, idanunta da dasashinta suka yi rawaya, kafin in kai ta wurin likita hantarta ta riga ta lalace. Ba ta tashi ba. Likitan ya bayyana mini cewa fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afalatoksin, karnuka suna cikin dabbobin da ta fi yi wa illa, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Har yau in na tuna yadda take tarye ni a ƙofa sai raina ya sosu, domin da hannuna na ba ta. Ƙuli-ƙuli mai kyau, busasshe, marar yaji, ana iya ƙarawa kaɗan a matsayin taimako, haka ma dafaffen waken suya da dusar awara. Amma hatsi ko gyaɗar da kai ba za ka ci ba saboda fumfuna, kada ka zuba wa dabbarka.

Daga wata ɗaliba a Sakkwato: An ba ni kwikwiyo irin na Jamus, watansa uku. Abincin buhu na kanti ya yi tsada ƙwarai, sai na koma ba shi nama zalla da shinkafa. Yanzu ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwashewa, ba ya son tafiya. Naman ne bai isa ba?

'Yar'uwa, naman ya isa, abin da ya rasa dabam ne. Tsadar abincin buhu gaskiya ce: yawancinsa daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya ninka. Amma buhun nan yana ɗauke da wani abu da nama zalla ba shi da shi, wato sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Nama da kayan ciki suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan. In kwikwiyo yana cin nama da shinkafa kawai, jikinsa sai ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashinsa don ya cike giɓin. Ƙashin ya yi laushi, ya lanƙwashe, wani lokacin ya karye daga ɗan tsalle. Manyan irin karnuka kamar naki sun fi shiga wannan hali, saboda saurin girmansu.

Ga babban kare gyaran mai sauƙi ne, kuma wannan ya shafi duk masu tambayoyin da suka gabata: a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya zama gari lukui, a barbaɗa kimanin rabin cokalin shayi ga kowane rabin kilo na nama. Wanda ke ba da dakakken kai da ƙafar kaza a kai a kai ba ya buƙatar ɓawon, ƙashin ya biya.

Kwikwiyo kuwa ba a yi masa awo da ka. A wajen manyan iri, kalsiyam in ya yi yawa shi ma yana ɓata gaɓoɓi, don haka kada ki ruga kantin magani ki sayo ƙwayoyi ki ɗura masa. In akwai lokacin da abincin buhu ya cancanci kuɗinsa, to shekarar farko ce ta irin wannan kare. Shawarata ki sayi wanda aka rubuta na 'yan kwikwiyo ne, ya zama shi ne mafi yawan abincinsa har ya kai shekara, nama da ƙwai su zama ƙari kaɗan. Bayan nan ki koma abincin gida, a hankali cikin mako guda, kina rage wancan kina ƙara wannan don kada cikinsa ya ɓaci.

Amma kafin komai, tunda ƙafafun sun riga sun fara lanƙwashewa, ki kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato. Ki gaya musu duk abin da yake ci da yawansa, kada ki rage komai. Kafin ki je, ki hana shi tsalle da hawa matakala, ki ajiye shi a wuri mai shimfiɗa, in za ki ɗauke shi ki tallafo ƙirji da ƙugu tare. A wata uku ƙashi yana kan girma, kuma yawancin waɗanda aka gyara wa abinci da wuri suna miƙewa cikin 'yan makonni.